Sau-Uku da Sunan da Aka Tsallake

Duk wanda ya taɓa taka babbar kotun nan ya san muryar Sau-Uku kafin ya san fuskarsa. Shi ne masinjan ɗakin shari'a na ɗaya, kuma tun yana saurayi aikinsa guda ne. Magatakarda zai miƙo masa takarda, ya fita baranda ya kira sunan mai ƙara, ko wanda ake ƙara, ko lauyansu, sau uku, ba ragi ba ƙari. In an amsa ya shigo da mutum. In ba a amsa ba ya dawo gaban alƙali, ya ɗan rusuna ya ce, "Bai amsa ba, ya mai shari'a." Daga nan laƙabin ya samo asali, har ya binne sunansa na yanka. Matarsa ma in ta so tsokanarsa takan ce ko abinci ta ajiye masa sai ta kira shi sau uku yake juyowa, wai shi ma doka yake bi.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, kakinsa kullum a goge, ba shi da yawan magana, sai ka ce tattalin muryar yake yi saboda baranda. Shekara talatin da huɗu ya yi a bakin ƙofar nan, saura wata biyar ya yi ritaya. Abin tinƙahonsa a duniya bai wuce ɗaya ba: bai taɓa kiran sunan da babu a takarda ba, bai taɓa tsallake wanda ke cikinta ba. Fayil ɗinsa da ke ofishin Rajistara siriri ne kamar na wanda aka ɗauka jiya, babu takardar tuhuma ko ɗaya a ciki. Ya sha gaya wa matarsa cewa haka yake so a miƙo masa shi ranar sallama.

Amma shekarun nan na ƙarshe sun ishe shi, kuma lauyoyi ne suka ishe shi. A kotu akwai ƙa'idar da ba sai an rubuta ba: lauyoyi biyu ba sa tsayuwa a lokaci guda. In kana magana abokin karawarka ya miƙe, sai ka zauna ka saurare shi, ko da jiya ya fara sa baƙar riga. Yanzu kuwa sai ka ga mutum biyu a tsaye ƙiƙam, kowa na nuna ɗan'uwansa da biro, suna cewa "abokina masani" da irin muryar da ake zagin uwar mutum. Alƙali ya buga tebur har hannunsa ya gaji. Shi kuwa Sau-Uku ba ya cikin lissafinsu. Wani zai ƙyasta masa yatsa ya ce, "Kai, ɗauko min jakata," alhali a haife Sau-Uku ya haife shi. Ya kira suna har maƙogwaronsa ya bushe, mai sunan na nan jingine da ginshiƙi yana waya, ya ji sarai, sai ya ga dama zai shigo.

Duk lokacin da ransa ya ɓaci haka, mutum ɗaya yake tunawa, wato Lauya Na-Gode. Shi wannan bai taɓa bari kira ya kai na biyu ba. Kafin Sau-Uku ya rufe baki zai ji daga kan benci, "Na'am. Na gode, Malam." Kullum, tsawon shekara ashirin da wani abu, har aka laƙaba masa sunan. Ba wani shahararren lauya ba ne, rigarsa ma ta koɗe ta fara komawa ruwan toka, kuma shari'o'insa na ƙananan mutane ne: rikicin iyakar fili, mai gida da ɗan haya, direban da aka kora. Amma in yaro sabon shiga ya miƙe yana cikin magana, nan take zai naɗe rigarsa ya zauna ya ce, "Bismillah, abokina." In an tashi, ko shi aka kayar ko shi ya kayar, shi zai fara miƙa hannu.

Akwai wata safiya da Sau-Uku bai manta ba. An kira wata shari'a, lauyan ɗaya ɓangaren, wani matashi, bai iso ba. Sau-Uku ya kira sau uku ya dawo ya ce bai amsa ba. Kalma ɗaya Na-Gode zai faɗa a kori ƙarar, ya tafi gida da nasara. Sai ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, ina roƙon a jinkirta mana awa ɗaya. Abokina ba mai latti ba ne, lallai wani abu ne ya tsare shi." Can sai ga matashin ya shigo jage-jage da gumi, hannunsa duk baƙin mai, ashe babur ɗinsa ne ya mutu a hanya. Aka yi shari'a, kuma matashin ne ya ci. Wannan matashin shi ne yau Shugaban ƙungiyar lauyoyi, mai mota da direba da tumbi.

Shekara bakwai da suka wuce idon Na-Gode ya mutu, ya rufe ofishinsa ya koma gida. Wata huɗu da suka wuce ya rasu. A wajen jana'izar Sau-Uku ya duba ya sake dubawa, lauyoyi biyu kacal ya gani, su ma tsofaffi ne.

Duk shekara ƙungiyar lauyoyi tana yin zama na musamman a ɗaki na ɗaya don tunawa da 'yan'uwansu da suka rasu. Alƙali ya zauna, kowa ya sa baƙar riga, a miƙa wa masinja jerin sunaye, ya tsaya bakin ƙofa ya kira kowane mamaci sau uku kamar mai shari'a a ranar, ya juyo ya ce bai amsa ba. Saura mako uku a yi na bana, sai ga matar marigayi Na-Gode a baranda, dattijuwa siririya da 'yar jaka a hannu, tana ta dube-dube. Sau-Uku ya tare ta ya kakkaɓe mata benci.

"Malam, na ji an ce ana taron tunawa da waɗanda suka rasu," ta ce bayan sun gaisa. "Ni ban san kan abin ba. Shi ne na ce bari in zo in tambaye ka, ko za a ambaci Baban yara?"

"Haba Hajiya, in ba a ambace shi ba wa za a ambata? Ai da bakin nan nawa zan kira shi. Ki zo kawai, zan ajiye miki wuri."

Ta yi ta godiya, ta ce ba ta taɓa shiga ɗakin da ya yi aiki a cikinsa duk tsawon zamansu ba, wannan karon za ta shiga. Ya raka ta har bakin titi. Bai ga takardar ba lokacin da ya yi wannan alkawari, kuma ko a ransa bai kawo cewa akwai buƙatar ya gani ba.

Bayan kwana biyu ya hango jerin a teburin magatakarda. Suna takwas ne. Ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya goge tabarau ya karanto daga ƙasa zuwa sama, babu Na-Gode.

Da aka tashi hutun rana ya haura ofishin ƙungiya. Sakataren ƙungiyar matashi ne mai waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a hannu, bai ce masa ya zauna ba. Sai da Sau-Uku ya yi tsayuwar minti goma sannan ya ɗago kai.

"Me aka yi?"

"Ranka ya daɗe, suna ne aka manta a jerin mamata." Ya faɗi sunan cikakke.

"Waye kuma haka?"

"Lauya Na-Gode."

"Ban san shi ba. Mu duk wanda ya rasu, ofishinsa ne ke aiko mana wasiƙa mai hatimi. Ka ce wa ofishinsa su rubuto."

"Ai ya rufe ofishin tun da idonsa ya mutu."

"To ka gani? Ni me zan yi? Babu wasiƙa, babu suna." Ya mayar da waya kunne.

Duk da haka da yamma Sau-Uku ya bi ta tsohon ofishin, ko Allah zai sa a dace. Shagon aski ya tarar. Allon sunan ma an juya bayansa an zana kawunan samari da aski iri-iri. Ya tsaya yana kallo har mai askin ya tambaye shi ko gemu za a rage.

Washegari ya je wurin Rajistara, wadda ita ce shugabarsa, mace mai kirki amma mai tsoron abin da zai taɓa kujerarta. Ta saurare shi har ƙarshe, ta yi wa marigayin addu'a, sannan ta ce, "Baba, taron nan na ƙungiya ne, mu ɗaki kawai muke ba su da masinja. In na sa hannu a jerinsu sai su ce kotu na yi musu katsalandan. Ka koma wajen Sakatare." Ya koma wajen Sakatare da takardar shaidar rasuwa da Hajiya ta ba shi, bai gaya mata dalilin karɓarta ba. Sakatare ya riƙe ta da yatsa biyu ya ce wannan ta nuna mutum ya mutu, ba ta nuna lauya ba ne. Sau-Uku ya shiga ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli ya sha ƙura kwana biyu, ya zaƙulo shari'o'i goma sha ɗaya masu ɗauke da sa hannun Na-Gode. Sakatare ya ce waɗannan sun nuna lauya ne, ba su nuna ɗan ƙungiya ba ne. A nan ne Sau-Uku ya ji kamar ya kife teburin da wayoyin duka, amma ya haɗiye, ya ce a huta lafiya.

Saura Shugaba. Sau huɗu yana zuwa ana cewa yana cikin taro. Rana ta biyar ya tare shi a wurin ajiye motoci, direba ya riga ya buɗe ƙofa.

"Ranka ya daɗe, maganar Lauya Na-Gode ce, wanda ya rasu..."

"Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙansa," in ji Shugaba, idonsa a kan agogo. Daga yadda ya faɗa ka san bai ji sunan ba, kalmar rasuwa kawai ya tsinta. "Ka ga Sakatare, Baba." Gilashin mota ya hau sama.

Zuwansa na ƙarshe, Sakatare ya nuna masa kwali cike da takardun taro masu sheƙi, da hoton mamata takwas a jere. "An riga an buga. Sai dai baɗi, in an kawo wasiƙa." Baɗi kuwa Sau-Uku ba ya nan, kuma har abada babu ofishin da zai rubuta wasiƙar.

A gida ya kasa cin abinci, matarsa ta gaji da kallonsa yana juya cokali. "To ka je ka gaya wa baiwar Allah gaskiya mana, kada ta zo ta sha kunya."

"In ce mata me? In ce mijinki ba shi da hatimi?"

"To ka kira shi kawai. Bakin naka ne ko nasu?"

"Ke ba ki san aiki ba. Abin da ke takarda ake kira."

"Ai shi ke nan, sai ka zauna kai da takarda," ta ce, ta ɗauke kwanon.

Sau biyu yana kama hanyar gidan Hajiya, sau biyu yana juyowa daga bakin layi. Har ranar ta zo bai gaya mata ba, kuma ya san ragwantaka ce ba wani abu ba.

Ƙarfe tara ɗaki na ɗaya ya cika maƙil, baƙaƙen riguna har baranda, ga turare kala-kala na yaƙi da juna a ƙarƙashin fankar da ke juyawa da ƙyar. Iyalan mamata takwas aka ba bencin gaba. Hajiya ta zo da wuri cikin farin mayafi, babu mai tarbarta, Sau-Uku ya zaunar da ita a bencin ƙarshe kusa da ƙofarsa, yana kauce wa idonta. An ba ta takardar taro, amma ta manta tabarau a gida, sai ta riƙe ta a cinya da hannu biyu.

Alƙali ya buɗe zama da jawabi a kan ladabi. Ya ce mutanen da ake tunawa yau sun san cewa abokin karawa ba abokin gaba ba ne, ya ce lauya zai iya kayar da mutum ba tare da ya wulaƙanta shi ba. Kawuna suka yi ta gyaɗawa, har da na waɗanda ke latsa waya a ƙarƙashin tebur. Sau-Uku yana ji yana cizon leɓe, don duk abin da ake faɗa siffar mutum ɗaya ce, kuma shi ne babu a takarda.

Magatakarda ya miƙo jerin. Sau-Uku ya tsaya bakin ƙofa ya fara. Kowane suna sau uku, ya juyo ya rusuna, "Bai amsa ba, ya mai shari'a." Wata mata a gaba ta fashe da kuka a suna na huɗu. Ta gefen ido yana ganin Hajiya tana gyara zama duk sanda ya ja numfashi zai fara sabo. Ya kira na takwas, ya rusuna. Takarda ta ƙare.

Alƙali ya ce yanzu za a ji jawabi a madadin lauyoyi. Shugaba ya miƙe. A daidai lokacin tsohon shugaban ƙungiya, wanda aka kayar a zaɓen bara, shi ma ya miƙe.

"Ya mai shari'a, na girmi abokina masani da shekara shida a aikin nan, ni ya kamata in fara."

"Abokina masani ya manta an yi zaɓe," in ji Shugaba, "kuma ya san sakamakon."

"Zaɓen da aka yi da rana tsaka aka ƙirga a ɗaki?"

"Ka janye wannan maganar!"

"Ba zan janye ba, kai ne za ka zauna!"

Nan ɗaki ya rabu biyu, magoya baya suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, alƙali na buga tebur ba mai jin sa. A gaban marayu da matan mamata ake wannan, ko minti ashirin ba a yi da gama jawabin ladabi ba. Sau-Uku ya ji kunya ta rufe shi kamar shi ya haife su duka.

Ya juya ya ga Hajiya ta miƙe. Ta ƙirga takwas ɗin nan, ta gane. Ba ta harare shi ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai ta ajiye takardar taron a kan benci, ta gyara mayafi, ta ce masa a hankali, "Ba komai, Malam. Na gode da ɗawainiya."

Kalmar nan ta "na gode" ce ta gama da shi. Ya dubi takardar da ke hannunsa, ya tuna siririn fayil ɗinsa da wata biyar ɗin da suka rage, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya koma daidai inda yake tsayuwa, ya cika ƙirji, ya kira sunan Na-Gode cikakke, da nasa da na mahaifinsa, da muryar da ke kaiwa har wurin ajiye motoci.

Hayaniya ta tsinke. Sakatare ya fara jujjuya takardar taro yana neman inda ya tsallake. Sau-Uku ya ɗan saurara, ba da gangan ba, jikinsa ne ya saba a daidai nan ake amsawa. Ya kira na biyu, abin da bai taɓa yi wa wannan suna ba. A na biyun ne ya ga Shugaba ya juyo, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda aka tasa daga barci. Shugaba ya dubi ƙofa, ya dubi abokin faɗansa da ke tsaye, sannan ya naɗe rigarsa ya zauna. Waɗanda suka miƙe don shi suka bi shi. Sau-Uku ya kira na uku, ya taka zuwa gaban alƙali ya rusuna.

"Bai amsa ba, ya mai shari'a." Sannan ya ƙara abin da babu a ƙa'ida. "Yau ne karo na farko."

Alƙali, wanda shi ma tsohon hannu ne, ya cire tabarau ya daɗe yana goge su. Tsohon shugaba kuwa da ya ga shi kaɗai ne a tsaye, sai ya ɗauka nasara ce, ya gyara murya ya yi jawabin minti arba'in a kan mutunta juna. Shugaba bai ɗago kai ba har aka tashi. Hajiya ta koma ta zauna, ta rufe fuska da mayafi, ba ta fita ba sai da ɗaki ya watse.

Kada mai karatu ya ɗauka wani abu ya gyaru. Washegari da safe lauyoyi biyu suka tsaya ƙiƙam a kan shari'ar wani shago, kuma kafin azahar Rajistara ta aiko kiran Sau-Uku. Sakatare ya rubuto ƙorafi cewa masinja ya ɓata tsarin taron ƙungiya. Ta miƙo masa takardar tuhuma tana kallon gefe, ta ce doka ce, ya ba da amsa a rubuce cikin kwana biyu. Ga tambarin kotu a sama, ga hatimi a ƙasa, fayil ɗin shekara talatin da huɗu ya samu baƙo.

Ya sa tabarau ya karanta a tsaye. An ce ya bayyana dalilin da ya sa ya kira sunan wane, wanda ba ya cikin jeri. Ya zo kan sunan ya tsaya. An sa na mahaifin a gaba, an kuma cinye harafi biyu a nasa. Mako uku yana yawon neman takarda mai hatimi da sunan mutumin nan a jiki, yau ga ta ta zo da ƙafarta, ita ma ba su iya rubuta shi daidai ba.

Ya ajiye ta a kan tebur ya tura mata. "Ranki ya daɗe, a gyara."

"Baba, tuhumarka fa ake yi."

"Na sani, kuma zan amsa. Amma ni ban kira wannan sunan ba, ban ma san mai shi ba. A rubuta wanda na kira, a buga hatimi, a yi min kwafi biyu. Ɗaya ta fayil, ɗaya zan kai wa Hajiya."

Rajistara ta dube shi. Ta danna ƙararrawa, mai buga takardu ta shigo. Sau-Uku ya bi ta har teburinta, ya tsaya a kanta hannu a baya, yana faɗa mata sunan harafi bayan harafi.